Dutsen Da Na Sa Wa Mama A Kicin

Ko tsufa zai cinye mini ƙwaƙwalwa har in rasa hanyar gidanmu, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka yi addu'ar buɗe gidan Mama a Katabu ba. Shekara uku ke nan, amma har gobe idan na shiga kicin ɗin mutane na ga farin dutse a shimfiɗe yana ƙyalli, sai in kawar da kai. Abin da ya faru ranar ba tsautsayi ba ne, ko da yake haka aka yi ta faɗa don a rufa mini asiri. Ni na jawo shi da son a sani da taurin kai. Kuma don ku san irin wadda take ba ku labari, aikina a ma'aikata shi ne duba kasafin kuɗi. (E, ni ce matar nan mai tabarau da take mayar wa mutane da takardunsu, ta ce sun manta kuɗin dako da na leburori. Ku adana dariyarku, za ta yi muku amfani nan gaba kaɗan.)

Mama malamar firamare ce, ta yi shekara talatin da biyar tana shaƙar alli kafin ta yi ritaya. Duk tsawon wannan lokaci a gidan haya muke a Kawo, ɗaki biyu, kicin ɗaya mu gida huɗu. Wadda ta riga tashi ita ke da murhu. Na buɗe ido na ga Mama tana girki a tsugune a bakin ƙofarmu, da damina kuma ni nake riƙe mata lema. Baba ya sayi fili a Katabu tun ana ce wa wurin daji, ya ɗaga gini har ya kai linta, sai Ubangiji ya kira shi. Mama ce ta ƙarasa da kuɗin garatutinta, yau rufi, gobe ƙofofi, jibi filasta. Kicin ne ya zo ƙarshe, lokacin da kuɗin ma ya zo ƙarshe. Kafin nan gwiwoyinta sun gama aiki, ga ciwon suga. Tsuguno ya gagare ta, doguwar tsayuwa ma haka.

Akwai kuma abin da take jira, wanda duk mun sani ko da ba ta faɗa. A cocinmu, ranar buɗe gida, matan zumunta su ke dafa abincin taro a waje. Amma idan Fasto ya gama addu'a, matar gidan ce za ta ɗora tukunyar farko a kicin ɗinta, ta tuƙa tuwo da hannunta, mata suna tsaye a ƙofa suna waƙa. Malmalar farko ta Fasto ce, sauran kowa ya gutsura ya sa albarka. Mama ta je na mutane ya fi a ƙirga, kullum ita ce mai riƙe wa wata tukunya. Nata ne bai zo ba sai da ta tsufa.

Wata Asabar Mama ta sa na raka ta ginin. Ta ce in ajiye mata kujerar roba a tsakiyar kicin ɗin. Ta zauna, ta miƙa hannu ta ja layi da gawayi a jikin bango, kaɗan sama da gwiwarta.

"Nan nake so," in ji ta. "Malam Sule birkila ya zuba mini kankare daidai nan, ya manna tayil a kai. In zauna a kujerata, tukunya tana gabana, famfo yana gefena. Ban roƙi fiye da haka ba."

Sannan ta damƙa mini abin da ya rage a asusunta. "Wannan ne na ƙarshe, babu wani a bayansa. Ke ce kika san lissafi, ki riƙe."

Na ce, "To Mama, ki kwantar da hankalinki." Kuma Allah ya sani, a ranar da gaske nake.

Abin da ya ɓata ni zuwa barka ne. Hajiya Binta, shugabar sashenmu, 'yarta ta haihu, muka ɗunguma daga ofis zuwa gidanta a Unguwar Rimi. Aka ce in shiga kicin in ɗauko faranti. Jama'a, na shiga na manta abin da ya kai ni. Kantar da suke girki a kai farin dutse ce daga wannan bango zuwa wancan, da ɗan jirwaye ruwan toka, sumul, har fuskata nake gani a ciki. Na shafa, na sake shafawa. Hajiya ta shigo ta same ni a haka.

"Mabul ne," ta ce tana dariya. "Kyau kawai gare shi, amma ɗan wahala ne. Manja ya ɗiga, tabo. Tsamiya ta taɓa shi, tabo. Da na sani da ban sa ba."

Kunnena ɗaya ne ya ji wannan, shi ma bai ajiye ba. Abin da nake hangowa shi ne uwata a tsaye gaban irin wannan dutse, matan coci suna kallo suna jinjina kai, suna cewa 'yarta ce ta yi mata. (Ku lura da ƙarshen zancen, nan cutar take.) Da na koma Katabu na sake kallon layin gawayin nan, sai na ga ƙauyanci ne tsagwaronsa. Mace ta ƙarar da ƙuruciyarta tana koyar da 'ya'yan mutane, a ce ta ƙare da dakalin siminti kamar mai tuyar ƙosai? Na ce ina, ba dai ina raye ba.

Ranar Laraba na zille daga ofis na tafi wurin masu sayar da duwatsun. Mai shagon wani dattijo ne mai haƙuri, ya zagaya da ni. Ya nuna mini tayil, ya ce shi ne mai sauƙin kuɗi, in ɗaya ya fashe a cire a sa wani. Ya nuna mini giranit, baƙi da mai ruwan ƙasa, ya ce wannan ya fi ƙarfi, yana jure zafi da duka. Sai muka zo kan mabul, ya ga yadda idona ya kafe.

"Madam, wa zai yi girki a kai?"

"Mahaifiyata."

"Irin girkinmu na gida? Tuwo, daka, saran ƙashi?"

"To da wane iri za ta yi?"

"Ki ɗauki giranit. Ko ma tayil ɗin. Wannan na masu dafa shayi da taliya ne."

Ni kuma sai na ɗauka takalmina ya kalla ya yanke cewa ba ni da kuɗin. Raina ya ɓaci. Na ba shi tsawo da faɗi, na ce a ba ni mabul, mafi fari, na biya nan take ina wani ɗaga hanci. Kuɗin Mama in an kasa shi goma, tara suka tafi a wannan minti. Na ce a raina ɗayan da ya rage ai ya isa siminti da ɗan abin da ba a rasa ba.

Sai da aka rubuta rasit sannan dattijon ya fara karanto mini sauran. Yanka daidai awo, kuɗinsa daban. Goge bakin dutsen don kada ya yanki mutum, daban. Huda wurin wanke-wanke, daban. A-kori-kura zuwa Katabu, da ƙarti huɗu masu ɗauka, domin abin ya fi ƙarfin mutum biyu. Sai mai ɗorawa, wanda shi kaɗai kuɗinsa ya ninka abin da ya rage a hannuna. Ina tsaye ina gyaɗa kai kamar na san da su duka, alhali zufa ta jiƙa mini baya. Sai ya ɗago ya ce, "Kafinta ya gama kabad ɗin da za a ɗora a kai, ko?"

Wane kabad? Ni a gidan Hajiya na ga ƙofofin katako a ƙarƙashin dutsen, na ɗauka ado ne da wurin ɓoye tukwane. Ban san su ne suke ɗauke da shi ba. Amma maimakon in ce ban sani ba, sai na ce, "An kusa gamawa." Na tambaya ƙasa-ƙasa ko ana mayar da kaya, ya nuna mini inda inji ya riga ya fara cin dutsen. Na biya yanka da mota, na cika da rabin albashina, na ce mai ɗorawa ya sha zamansa, muna da birkilanmu. A gaban a-kori-kurar na zauna har Katabu, duk ramin da muka faɗa sai na dafe ƙirji na yi wa direba tsawa. Ban taɓa raka mara lafiya da irin wannan kulawa ba.

Malam Sule shi ya haƙa harsashin gidan nan tare da Baba, ya ma girmi Baba. Mutum ne mara yawan magana, kullum da fensir a bayan kunne. Da aka sauke dutsen ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya duba kaurinsa.

"'Yata, wannan ba ya tsayuwa shi kaɗai. Sai an yi masa gado. Ko kabad tun daga wannan baki har wancan, ko mu zuba kankare da rodi mu kwantar da shi a kai."

"Babu kuɗin rodi. Ka ta da bulo nan, ka ta da can, ka ɗora."

"Tsakiyar fa? Dubi nisan da zai yi babu komai a ƙasa. Ki bari in ta da bulo ko layi ɗaya ne a tsakiya. Akwai ragowa a waje, ba sai kin sayi komai ba."

Kun ji ko? Kyauta ne. Ko da talauci ba ni da damar fakewa. Na ƙi ne kawai don a gidan Hajiya ban ga wani bulo a tsakiya ba, kuma na riga na sayi labule mai furanni da zan rataya a wurin. Tsayi kuwa, na jingina da bango na nuna daidai ƙuguna na ce nan. Ni doguwa ce, tsawon Baba na ɗauko. Mama da ƙyar take kawo mini kafaɗa.

Ya kalli inda na nuna, ya kalli layin gawayin da ke can ƙasa. "Ita Malama ta san da wannan?"

"Malam Sule, ni nake biyanka ko ita?"

Har yau idan na tuna wannan magana sai na rufe fuska. Kuɗinta ne fa, kuma mutumin nan ya san ni tun ina yawo babu ɗankwali. Ya yi aikin yadda na ce, ya wanke kayan aikinsa. Da na miƙa masa kuɗi sai ya mayar da hannunsa baya, ya ce, "Riƙe abinki. Ba na so a ce wannan aikina ne." Ni a lokacin murna ma na yi, wai na samu rara. Na sa aka shafe layin gawayin da fenti.

Sai ana saura kwana biyu taro na kai Mama ta gani, wai mamaki zan ba ta. Ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe. Ta matso, dutsen ya kawo mata ƙirji. Ta ɗora tafin hannunta a kai.

"Ya yi kyau," ta ce. "Ina zan zauna?"

"Haba Mama, wa yake girki a zaune yanzu? Ai an wuce wurin."

"Kuɗin ya isa?"

"Har da canji."

Ta yi mini irin kallon da take yi wa ɗalibin da ya ce ya manta littafinsa a gida. Ta ce, "To. Allah ya sa albarka."

Ranar Asabar gida ya cika. Matan zumunta sun zo cikin anko, sun kafa manyan tukwane a bayan gida tun da safe. 'Yan'uwa sun zo daga ƙauye, tsofaffin maƙwabtanmu na Kawo sun cika bas guda, Malam Sule yana zaune ƙarƙashin rumfa da sabuwar hula. Ni kuma na gayyato Hajiya Binta da mutum biyu daga ofis, kuma ba don su ci tuwo na gayyace su ba. Duk wanda ya shigo sai na ja shi kicin, in bubbuga dutsen da zobena in ce, "Wannan? Jikokinmu ma za su gaje shi." Na faɗi haka ya kai sau goma. Hajiya ta ɗaga labulen ta leƙa ƙarƙashi, ta ɗago ta buɗe baki za ta yi magana, sai aka kira ni a waje, na bar ta a tsaye.

Baba Fasto ya bi ɗaki-ɗaki yana addu'a, ya ƙare a kicin. Lokacin tukunyar farko ya yi. Mata suka cika ƙofa da taga, aka ɗauko waƙa ana tafi. Mama ta ce wa wata, "Ku ajiye mini murhun gas ɗin a ƙasa, ku kawo kujerata."

Da na bar ta, da yau ba ni da labarin da zan ba ku. Sai na ji muryata ta danne ta masu waƙa: "A ƙasa? Alhali ga dutse? Haba Mama, kada ki ba mu kunya mana!" Aka yi dariya. Na ɗauki murhun da kaina na ɗora a kan dutsen, a tsakiya cif, don nan hasken taga ya fi faɗowa kuma bidiyo nake so in ɗauka. Na sa aka kawo bulo ɗaya aka ajiye mata ta taka. (Bulon da na hana a sa ƙarƙashin dutse, shi na sa ƙarƙashin tsohuwa mai ciwon gwiwa.) Mama ta kalle ni, ta kalli mutane, ta kama hannun uwar zumunta ta hau.

Ruwa ya tafasa, aka yi talge, ya dahu. A gefe an ɗora tukunyar miya da aka shigo da ita daga waje, da baho cike da ruwa. Duk wadda ta taɓa tuƙa tuwon masara na mutum ashirin ta san ba wasa ba ne, sai ɗaya ta danne tukunya ɗaya ta ja muciya da dukan ƙarfinta. Uwar zumunta, Mama Rifkatu, mace ce mai jiki. Ta sa tsumma ta kama kunnuwan tukunyar ta sake mata nauyinta. Mama ta fara zuba gari tana tuƙi. Zufa tana keto mata, gwiwoyin suna rawa a kan bulon, amma fuskarta, ya Ubangiji, ban taɓa ganin ta haka ba. Tana bin waƙar da baki. Ni ina gefe da waya ina cewa, "Mama ki ɗago, ki kalli nan."

Sai muka ji ƙas, kamar an karya busasshen kara. Kafin kowa ya gane daga ina, dutsen ya rabe biyu ya rufta ta tsakiya. Murhu, tukunya, miya, baho, duk suka bi shi. Tuwon ya kife a kan ƙafar Mama ta hagu, bakin dutsen ya sauka a kan yatsunta, ta faɗo daga kan bulon ta baya. Waƙa ta yanke. Malam Sule ne ya ratsa mata da gudu ya rufe tulun gas, ban ma ga lokacin da ya taso ba.

A cikin wannan shirun, kafin kowa ya ce Yesu, kafin ita Mama ta yi ƙara, murya ɗaya ce ta fito. Tawa. Kun san abin da na ce?

"Wayyo dutsena!"

Ba Mama na kira ba. Gaban Baba Fasto, gaban matan zumunta, gaban Hajiya, uwata tana ƙasa tuwo mai zafi yana manne a fatarta, ni dutse na yi wa kuka. Kuma wayata tana ɗauka. Na goge bidiyon daga baya, amma ba ni da yadda zan goge shi daga kunnen mutanen da ke wurin.

Aka ɗaga dutsen, aka yi ta kwara ruwan sanyi, aka cicciɓe ta zuwa motar Hajiya. Mama Rifkatu, ita ma hannunta ya ƙone, tana huci ta ce, "Wane mara tsoron Allah ne ya ɗora dutse haka babu abin da ya tokare shi?" Idanu suka koma kan Malam Sule. Dattijon ya sunkuyar da kai. Ni ina tsaye taku biyu da shi. Na buɗe baki, na rufe. Sai Mama ta yi magana daga cikin mota.

"Ku bar bawan Allah. Ya faɗa, ni na ƙi ji. Ni na zaɓi dutsen, ni na ce kada a sa komai a ƙasa. Tsufa ne da son gayu."

Na ji ta sarai. Na shiga motar na riƙe mata kai, na yi shiru.

Ga mai ciwon suga, ƙuna a ƙafa ba ƙaramin abu ba ne. Mako bakwai muka yi a asibiti. Ciwon ya ƙi warkewa, ya fara wari, a mako na uku likita ya kira ni gefe ya ce yatsu biyu sai an cire. Ni na sa hannu a takardar. Da ta farfaɗo ta ɗaga bargo ta duba, ta mayar, sai ta tambaye ni ko an ba Baba Fasto abinci ranar kafin ya tafi. Ko sau ɗaya ba ta ta da zancen dutse ba. Na so ta zage ni, Allah ya sani na so, ko in samu sauƙi. Na yi ta kai-kawo da fulas da ledar magani kamar hakan zai biya wani abu.

Kafin a sallame ta na je gidan Malam Sule na durƙusa. Ya ce, "Tashi 'yata, ya wuce." Ya zo ya kwashe ɓaraguzan, ya zuba kankare ƙasa-ƙasa, ya manna tayil. Duka aikin bai ci abin da na biya na yanka da mota ba. A nan Mama take girki yanzu, a zaune, ƙafar a kan ɗan matashi. Amma tukunyar farko sau ɗaya ake ɗora ta. Ranar da ta fara girki a kicin ɗinta babu waƙa, babu kowa, daga ita sai ni, kuma kunu ta dama.

A coci kuwa suna ya bi ta: Mama Mabul. Da wasa aka fara, ya zauna daram. Ta shigo tana ɗingishi da silifas, don rufaffen takalmi ya daina shigar ta, a ce, "Mama Mabul, 'yar gayu, an iso?" Ta yi dariya ta ce, "An iso." Kowace Lahadi sai in ji kamar ni ake watsa wa ruwan zafi. Shekara guda na yi ina haɗiyewa. Rannan bayan an tashi sujada na bi Mama Rifkatu har bayan coci, inda take ninke zannuwan zumunta, na ce ina da magana. Na zayyana mata komai tun daga Unguwar Rimi, ina kuka shaɓe-shaɓe, hawaye da majina. Na ce don Allah a daina kiran Mama da wannan suna, ni ce na cancance shi.

Ta bari na gama. Ko ninkin ba ta daina ba.

"Sai yau?" ta ce. "'Yata, wa ya ce miki ba mu sani ba? Matar da muka yi shekara talatin muna girki tare, wadda ba ta sayen zani sai ta taya sau uku ta tafi ta dawo, ita ce za ta sayi dutsen Turawa? Kuma ai duk muna wurin, mun ji wanda kika fara kira."

Na ce, "To me ya sa kuke tsokanar ta?"

"Ita ta roƙe mu, tun tana gadon asibiti. Ta ce in ba a samu wanda za a yi wa dariya ba, ke za a sa a baki. Ta ce ita ta gama shiga mutane, ke kuwa yanzu kika fara. Don haka share fuskarki, kuma kada ki kuskura ki gaya mata na faɗa miki."

Ban san yadda na kai kaina gida ba ranar. Ashe shekara guda ina yawo ina ganin na ɓoye abu, alhali coci guda ne suke taya ni ɓoyewa, bisa umarnin wadda na nakasa.

Yanzu idan wani ya nemi shawarata kan kicin (abin mamaki, har yau ana nema), abin da nake faɗa ba shi da yawa. Kafin ka tambayi kuɗin dutse, ka tambayi kuɗin ɗora shi da na abin da zai zauna a kai. Kuma wadda za ta tuƙa tuwon ita za ta nuna tsayi, ba wadda ta je barka gidan mutane ta dawo da ciwon ido ba. Darasi ne mai araha, kowane birkila zai ba ka shi kyauta. Ni dai sai da aka biya mini shi da yatsu biyu, kuma ba nawa ba.

Ban gaya wa Mama na sani ba. Ko Lahadin da ta wuce, muna shiga harabar coci wata ta ɗaga murya daga nesa, "Mama Mabul!" Ta ɗaga hannu ta amsa da fara'arta. Ni ina biye da ita da jakarta a hannu, ina rage tafiya don kada in wuce ta.